Marubucin da ya mutu ya fi daɗin tallatawa

Kwana biyu ne kacal tsakani. Ranar 16 ga Yunin 2025 ofisoshin jakadancin Ailan suka yi shagalin da suka saba duk shekara don tunawa da James Joyce, inda ake taruwa a sa tufafin zamanin kakanni da malafa, a karanta 'yan shafuka daga littafinsa Ulysses, a raba wa baƙi littattafai, a yi hotuna, a watse. Ranar 18 ga watan kuma Mo Chara, ɗaya daga cikin mutum ukun nan na ƙungiyar Kneecap ta Belfast, a Ailan ta Arewa da ke ƙarƙashin Birtaniya, masu waƙar gambara da harshen Ailan na gado, ya gurfana a kotun majistare ta Westminster bisa zargin ɗaga tutar Hizbullah a wani wasa da suka yi a Landan. Sauran labarin kowa ya ji shi. Keir Starmer, a matsayinsa na Firaministan Birtaniya, ya ce bai dace a bar su su hau dandamalin bikin waƙa na Glastonbury ba, BBC ta ƙi nuna wasansu kai tsaye, Hungary ta hana su shiga ƙasarta har shekara uku, sannan a watan Satumba alƙali ya yi watsi da tuhumar saboda ba a shigar da ita bisa ƙa'ida ba.

Shari'a aikin lauyoyi ce, na bar musu. Abin da ya hana ni sakat wata magana ce da ake ta nanatawa tun lokacin, cikin murya mai kama da ta dattako. Wai al'ada daban, siyasa daban. Wai duk wanda aka tura waje ya nuna fasahar ƙasarsa jakada ne, jakada kuwa ba ya zubar da mutuncin wanda ya aiko shi. Wai ƙasar da ta haifi marubuta irin su Yeats da Joyce da Beckett me ya haɗa ta da masu rufe fuska da hular sanyi suna ashar a kan dandamali? A taƙaice dai, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Maganar ashar gaskiya ce. Waƙoƙinsu cike suke da zancen ƙwaya, kuma akwai katoɓarar da ɗayansu ya yi kan 'yan majalisar Birtaniya, wadda sai da suka nemi afuwar iyalan 'yan majalisa biyu da aka taɓa kashewa. Ba zan kunna waƙarsu a gidana ba. Amma duk wanda ya jero waɗancan manyan sunaye a matsayin misalin ladabi da biyayya, to ko dai bai karanta su ba, ko yana fatan mu ne ba mu karanta ba.

A 1911 ne gidan wasan kwaikwayo na Abbey, wanda Yeats da Lady Gregory suka buɗe a Dublin a 1904, ya fara kai wasanninsa Amurka. Cikin kayan da suka tafi da su akwai wasan John Millington Synge kan wani saurayi da ya shiga ƙauye yana taƙamar ya kashe ubansa, mutanen ƙauyen suka mai da shi gwarzo, 'yan mata na rububinsa. Tun 1907 aka yi tarzoma a kan wasan a Dublin, har da ƙorafin cewa an ambaci shimin mata a bainar jama'a. Da aka je New York, 'yan Ailan mazauna Amurka, waɗanda dominsu aka ƙetara teku, su ne suka shiga zauren suka dinga jifan 'yan wasa da dankali. A Philadelphia kuwa, cikin Janairun 1912, kama 'yan wasan aka yi bisa zargin nuna baɗala. Hujjar masu jifan ita ce an kunyata Ailan a idon duniya. Maganar yau ce sak, ko wasali ba a canja ba. Yanzu wannan wasan ana koyar da shi a jami'o'i, Abbey kuma shi ne gidan wasan ƙasa, gwamnati na ba shi kuɗi tun 1925.

Shi kansa mai bikin 16 ga Yuni fa? Joyce ya bar Ailan a 1904, ya yi ziyararsa ta ƙarshe a 1912, bai ƙara taka ƙasar ba. A Paris aka buga Ulysses a 1922, wata Ba'amurkiya mai kantin littattafai, Sylvia Beach, ita ta ɗauki nauyi bayan manyan maɗaba'u sun ƙi taɓa shi. Amurka ta haramta shi har 1933, Birtaniya har 1936, duk saboda batsa, kuma wanda ya daure ya kai babin ƙarshe ya san ba ƙazafi aka yi masa ba. Ina zargin rabin masu malafar nan ba su wuce babi na uku ba, sai dai an ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Da ya rasu a Zurich a 1941, gwamnatin Ailan ba ta tura kowa jana'izarsa ba, wani jami'in Birtaniya ne ya yi jawabi a wurin. Fim ɗin da aka yi da littafin a 1967 sai a shekarar 2000 aka halatta nuna shi a Ailan. Yau ƙasar tana da jirgin ruwan soja mai sunan Joyce, tana da wani mai sunan Beckett, mutumin da ya tare a Paris ya koma rubutu da Faransanci. Gawa ba ta gardama. Ka sa mata malafa, ka liƙa sunanta a jikin jirgin yaƙi, ba za ta ce uffan ba.

Waɗanda suka biyo bayansu ma ba su sha da daɗi ba. Dokar tace littattafai ta 1929 ta ci marubuta da dama. An haramta littafin Edna O'Brien na farko a 1960 saboda ta faɗi abin da 'yan matan ƙauye ke ji a ransu. An haramta na John McGahern a 1965, ya kuma rasa aikinsa na koyarwa a kai. Sunan O'Brien ya kamata mu a nan mu riƙe shi, domin ita ce tsohuwar da ta haura tamanin ta taso ta zo Najeriya, ta zauna da 'yan matan da suka kuɓuto daga hannun Boko Haram, ta rubuta littafi a 2019 da bakin yarinyar da aka sace. Ana iya gardama kan ko ita ta dace ta ba da wannan labari, an ma yi. Abin da ba gardama a kai shi ne ba ta taɓa rubuta layi ɗaya don faranta wa wata ma'aikata rai ba. Da ta rasu a Yulin 2024, shugabannin ƙasar da ta haramta littafinta suka yi layi suna yabon rashin tsoronta.

To mu zo ga maganar ladan kuturu. Ailan ƙasa ce mai mutum miliyan biyar da 'yan kai. Ba ta cikin ƙawancen NATO, sojojinta ba su taka kara sun karya ba. Amma duk shekara a watan Maris shugaban gwamnatinta yana shiga fadar White House, ministocinta suna bazuwa manyan biranen duniya da sunan bikin waliyyi Patrick. Tana da kambun Nobel huɗu a adabi, na Yeats a 1923, Shaw a 1925, Beckett a 1969 da Heaney a 1995. A 2005 ta kafa hukumar Culture Ireland musamman don kai mawaƙa da marubuta da masu zane gaban 'yan kallo na ƙetare. Tana da cibiyar al'adu a Paris tun 2002, a ƙarshen 2021 aka buɗe sabon ginin cibiyar fasahar Ailan a New York kan dala miliyan 60, a 2024 kuma an kwashe shekara guda ana baje kolin fasaharta a Jamus. Babu ministan kuɗin da ke yin wannan don Allah. Ana yi ne saboda yana kawo 'yan yawon buɗe ido da ɗalibai da masu zuba jari, yana kuma buɗe wa ƙaramar ƙasa ƙofofin da girmanta bai isa ya buɗe ba. Gabriel Byrne, ɗan fim ɗin da gwamnati da kanta ta naɗa jakadan al'adu, ya fito a 2012 ya kira shirin gayyato 'yan ƙasar mazauna waje na 2013 damfara, ya ce aljihunsu kawai ake hari. Saboda haka in ana maganar wanda ya ci ladan wani, a fara tantance waye kuturun waye wanzamin. Kuɗin jirgi da na otal da ake biya wa mawaƙi ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ƙasar ke ci da sunan marubutan da ta kora ba, a ganina.

An gwada wannan a aikace a Maris ɗin 2024. Mawaƙan Ailan da aka shirya za su wakilci ƙasar a bikin SXSW na birnin Austin a Texas suka gano rundunar sojin Amurka da kamfanonin ƙera makamai suna cikin masu ɗaukar nauyin bikin, ana tsakiyar ruwan bama-bamai a Gaza. Kaf ɗinsu suka janye. Ministar al'adu ta lokacin, Catherine Martin, ta ce tana mutunta ra'ayinsu, ta kuma kama hanyarta ta tafi Austin ɗin. Bayan 'yan watanni masu bikin suka sanar sun raba gari da sojin da kamfanonin makaman. Wa ya ɗaga darajar Ailan a wannan makon, waɗanda suka ƙi zuwa ko wadda ta je? Ku tambayi duk wani matashi a Kano ko Zinder da ya san sunan ƙasar yau, ta ina ya san ta. Zai ce ta kan Falasɗinu. Ba zai ce ta kan malafa ba.

Wadda ta fi kowa fitowa fili da aƙidar ladan kuturu ita ce Kemi Badenoch, wadda ba sai an gabatar wa 'yan Najeriya da ita ba. Tana ministar kasuwancin Birtaniya ta hana Kneecap tallafin fam 14,250 da kwamitin tantancewa ya riga ya amince musu don tallata waƙa a ƙetare, hujjar ofishinta kuwa ita ce ba za a ba masu adawa da haɗin kan Birtaniya kuɗin masu biyan haraji ba. Kamar mutanen yammacin Belfast ba sa biyan haraji. A Nuwambar 2024 gwamnatin da ta gaji ta su Badenoch ta amsa a gaban kotu cewa matakin ya saɓa doka. Ƙungiyar ta karɓi kuɗin ta raba wa ƙungiyoyin matasa biyu a Belfast, ɗaya a unguwar masu son haɗewa da Ailan, ɗaya a ta masu biyayya ga sarautar Ingila. Masu cewa ai gwamnati na da ikon zaɓar wanda za ta ba kuɗinta, su koma su karanta abin da lauyoyin gwamnatin suka sa wa hannu.

Akwai kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wanda masu shirya bukukuwan nan ba sa son a taɓo. Kusan duk adabin da Ailan ke kaiwa waje da Turanci yake, harshen wanda ya mallake ta. Nata harshen, Gaeilge, ƙidayar 2022 ta nuna kusan mutum miliyan 1.9 sun ce suna jin sa, amma masu magana da shi kullum a wajen makaranta ba su kai dubu 72 ba. Ƙagaggen labarin da masana suka fi girmamawa a harshen, wanda Máirtín Ó Cadhain ya wallafa a 1949, inda matattu ke kwance a maƙabarta suna ci gaba da gulma da gabar da suka baro a duniya, sai a 2015 aka buga fassararsa ta Turanci. Shekara sittin da shida. A tsawon wannan lokaci an yi walimar jakadanci nawa? Sai ga wani ƙaramin fim da harshen ya shiga takarar Oscar a 2023, sai ga waɗannan marasa kunyar na Belfast sun sa dubban matasa a Ingila da Australiya suna rera baitoci da harshen da aka sha yi wa ta'aziyya. Mo Chara har tafinta ya nema a kotun Landan. Duk wanda ya taɓa jin an ce masa ya ajiye harshen uwarsa a bakin ƙofa kafin ya shiga ofis ya san abin da wannan ke nufi.

Ba na cewa gwamnatin Ailan ba ta taɓuka komai. Tun 1969 ta yafe wa marubuta da masu fasaha wani kaso na haraji, a 2022 kuma ta fara biyan mutum 2,000 daga cikinsu Yuro 325 duk mako ba tare da ta ce su rubuta mata komai ba. Wannan shi ne daidai, kuma shi ya kamata ta bi a waje. A ba da kuɗin, a kau da kai. A rage na walima a ƙara na fassara, musamman daga Gaeilge, kuma zuwa harsunan da ba na Turai ba. A riƙa gayyatar masu rai ko da za su ɓata taron. Yadda za a tsara wannan, ma'aikatan da ake biya albashi dominsa su zauna su tsara.

A 2019 wasu kansilolin Dublin biyu suka kawo ƙudurin a haƙo ƙasusuwan Joyce a dawo da su gida kafin littafinsa Ulysses ya cika shekara ɗari. Shugaban cibiyar da ke nazarin ayyukansa a Zurich ya nuna ba za a yarda da sauƙi ba, marubutan Ailan ma da dama suka yi wa ƙudurin ca. Har yau yana can a maƙabartar Fluntern tare da matarsa Nora, kusa da gidan namun daji na birnin.