Nana Asma'u da matan da muka bari a ɗaka

Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa riƙe fensir ba. Amma duk safiya tana tankaɗen gari tana rera baitoci kan alwala, da tsoron Allah, da haƙƙin maƙwabci. Sai da na girma na gane cewa irin wannan karatun na waƙa shi ne wanda Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta shimfiɗa wa mata tun kusan shekara 200 da suka wuce.

An haife ta a Degel a 1793, ta rasu a Sakkwato a 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kusan ayyuka 60 suka iso gare mu. Wannan kowa na faɗa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda ta tuna da matar ƙauye mai goyo a baya, wadda ba za ta iya barin gidan miji ta zo birni ɗaukar karatu ba. Sai ta kafa 'Yan Taru. Ta zaɓi dattijai mata masu natsuwa, ta naɗa kowacce jaji, wato jagorar ayari, ta ɗora mata malfa da jan rawani. Jaji za ta taho da ayarin tsofaffi da 'yan mata, a ƙasa, su zauna gaban Nana su haddace waƙa, sannan su koma su bi gida gida suna koya wa matan aure. Sadakar da suka kawo, hatsi ko man shanu ko zane, Nana ta raba wa mabuƙata. Ku duba hikimar: baiti ba ya buƙatar allo ko fitila, mace tana daka tana bitarsa.

Kuma ba da ka ta yi ba. Mahaifinta a littafinsa Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajirai a zaure, alhali matansu da 'ya'yansu mata na cikin gida cikin jahilci. Bayan rasuwarta 'yar'uwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

To mu fa? Mun sa wa makarantu da 'ya'yanmu sunanta, muna alfahari da ita a wajen taro, madalla. Amma wallahi a ganina mun ɗauki sunan mun ajiye aikin. Yarinya na shiga ɗakin miji sai a ce karatu ya ƙare, har wasu su jingina hakan ga addini, addinin da Shehu da 'yarsa suka fi mu sani.

Maƙwabciyata an yi mata aure tana aji biyar na sakandare. Littattafanta na nan cikin kwali ƙarƙashin gado, ta lulluɓe su da leda saboda gara. Shekaranjiya ta leƙo ta katanga ta tambaye ni ko akwai inda matan aure ke karatu bayan la'asar a unguwarmu. Na ce mata babu, kuma har yanzu nauyin wannan amsar bai sake ni ba.