Masallacin da ya ari rufin bukka

A Umarar bara ne wani ɗan Bangali mai shara a bakin masaukinmu ya ba ni takardar kuɗin ƙasarsu, taka 20, wai in riƙe tsaraba. Larabcinsa kame-kame, nawa ya fi nasa lalacewa, amma kullum bayan Asuba sai mun tsaya mun gaisa. A bayan takardar akwai hoton wani jan gini, shimfiɗeɗe, kubbobi jere a kansa kamar an kife ƙore a rana. Na miƙa wa wani dattijo abokin tafiyata. Ya ɗaga tabarau, ya juya ta sama da ƙasa, ya ce, "Malam, wannan in ba kurkuku ba ne to gidan bautar Indiyawa ne."

Masallaci ne, kuma ya haura shekara 550 a tsaye. Sunansa Shat Gombuj, a garin Bagerhat da ke kudancin Bangladesh, aikin Khan Jahan Ali wanda ya rasu a 1459. Ma'anar sunan "kubba sittin", amma in ka ƙirga 77 ne a kan rufin, ga huɗu a kan ƙananan hasumiyoyin kusurwa. Sittin ɗin ginshiƙan dutse ne da ke ciki. Tun 1985 yana cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO.

Ban ga laifin dattijon ba, don haka aka raini idonmu. In ba mu ga koriyar kubba da hasumiya mai tsini ba, sai mu ga kamar ginin bai gama musulunta ba. Ni kuwa tun da na bi diddigin takardar nan nake ganin mutanen Bengal, yankin da ya haɗa Bangladesh da wani sashe na gabashin Indiya, sun fi mu gane abin da ake nufi da masallaci.

Cikin kubbobin nan 77, bakwai da ke layin tsakiya ba zagayayyu ba ne. Gefe huɗu gare su, kowane ya lanƙwaso ƙasa, sak jinkar bukkar manomin Bengal, wadda suke kira chala. Ƙasar tasu laka ce da kogunan Ganga da Brahmaputra suka tara, dutse sai an yo safararsa daga nesa, ruwan damina kuwa kamar da bakin ƙwarya. Talaka yana tanƙwara gora ya yi jinka mai doro don ruwa ya zurare da sauri. Da sarakunan Musulmi suka ɓalle daga Delhi a ƙarni na 14, sun fara gwada gini irin na ƙasashen Larabawa: masallacin Adina da Sikandar Shah ya gina a Pandua, cikin Indiya ta yau, wajen 1374, ƙato, da makekiyar farfajiya a buɗe. Ba a sake yin irinsa ba. Wa zai yi sahu a fili a ƙasar da ake wata da watanni ana sheƙa ruwa? Sai suka koma rufaffen ɗaki na jan bulo, bango mai kauri, tafki a gefe don alwala, bakin rufi a lanƙwashe kamar na bukka. Ana fara ganin lanƙwasar nan a hubbaren Eklakhi, wanda ake dangantawa da Jalaluddin Muhammad Shah, wanda ya musulunta ya hau gadon mulki, ɗan wani basaraken Hindu mai suna Raja Ganesha. Daga nan ta zama tambarin ginin Bengal.

Inda abin ya fi ɗaukar hankalina shi ne wuraren bautar Hindu da suka biyo baya. Bayan da'awar Chaitanya, wani malamin addinin Hindu da aka haifa a 1486, bautar Krishna, ɗaya daga cikin ababen bautarsu, ta bunƙasa, sarakunan Malla na Bishnupur suka shiga gine-gine. Ku nemi hoton Jor Bangla na 1655 ku gani: bukkoki biyu ne a manne da juna, sai dai da bulo aka yi su, har doron jinkar yana nan. Shyam Rai na 1643 hasumiya biyar gare shi. Amma bakan ƙofofinsu da dabarar ɗaure rufi da bulo ba tare da katako ba, duk sana'ar da ta goge a masallatan sarakunan Musulmi ce. To wa ya kwaikwayi wa? Masallaci ya ara a wurin manomi, ɗakin bauta ya ara a wurin masallaci, shi kuwa adon gasasshen yumɓu da ke jikinsu duka ya girme su. A Paharpur, gidan sufayen addinin Buddha da sarki Dharmapala ya gina a ƙarshen ƙarni na 8, mai ɗakuna 177, irin allunan yumɓun nan ne jere a gindin ginin.

Kada wani ya ce to ai an gauraya addini ke nan. Ba a gauraya ba, bangon ma ya isa shaida. A masallacin Bagha na 1523, abin da magini ya zana furanni ne, da rassa, da mangwaro, da fitila tana reto a jikin sarƙa. Ba mutum, ba dabba. A ɗakin bautar Kantajew da ke Dinajpur, wanda aka fara a 1704, bangon cike yake maƙil da Krishna, da yaƙe-yaƙen Ramayana, tsohon labarin jarumtar Hindu, da mafarauta, da jiragen ruwa. Laka ɗaya, wuta ɗaya, amma kowa ya san iyakarsa.

Ba kuma ina cewa zaman lafiya ne zalla ba. A jikin Adina akwai sassaƙaƙƙun duwatsu da aka ciro daga tsofaffin gine-ginen Hindu da na Buddha, kuma har gobe ana tayar da jijiyar wuya a kansu a Indiya. Sarakuna sun yi abin da sarakuna suka saba yi. Sai dai ana iya kwasar dutse da ƙarfin takobi, amma ba wanda ya tilasta wa sarki ya so rufin talakansa. Har sarakunan Mughal, Musulmin da suka mulki Indiya, da suka ci Bengal da yaƙi sai da suka ɗauki rufin nan suka kai Lahore ta Pakistan ta yau, Shah Jahan ya sa aka yi shi da farin marmara a rumfar Naulakha. Kalmar da Turawa ke kiran gida mara bene da ita ma, wadda dillalanmu ke cewa bangalo, daga sunan Bengal ta fito.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mu ma muna da namu. A 2016 masallacin Bait ur Rouf na Dhaka, wanda Marina Tabassum ta tsara da jan bulo, ba kubba ba hasumiya, ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan. Shekara 30 kafin nan, a 1986, masallacin Yama na jihar Tawa a Nijar, ginin ƙasa na Falke Barmu, ya ci wannan kyautar. Mu nawa muka san da shi? A ƙauyenmu an rushe tsohon masallacin tubali mai daurin guga, wanda ko a watan Afrilu in ka shiga sai barci ya ɗauke ka, aka kafa na bulon siminti da kwano, aka ɗora wata kubbar gwangwani a kai kamar murfin tukunya. Yanzu Azahar a waje ake yi, gindin darbejiya.

Na san za a tuna mini da rufin masallacin Zariya da ya rufta kan masallata a 2023, Allah ya jiƙansu. Gaskiya ne, ginin ƙasa amana ne, sai da yaɓe da duba kowace shekara. Na Bengal ma gishirin ƙasa da danshi suna cin bulonsa, gyara ake yi. Kantajew kansa girgizar ƙasar 1897 ta zubar da hasumiyoyinsa tara, ba a ce a share wurin a zuba siminti ba.

A 2025 Bangladesh ta fitar da sabbin takardun kuɗi. Sabuwar taka 20 tana ɗauke da Kantajew a gaba, Paharpur a baya, a ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne. Tawa tsohuwar tana nan cikin fasfo. Dattijon kuwa, duk bayanin da na yi masa, in mun haɗu a masallacin Juma'a sai ya kama hannuna yana dariya ya ce, "Malam, ya kurkukun nan naka?"