Shanyewar ɓarin jiki ba a hannu ko ƙafa ciwon yake ba

Jama'a har yanzu da yawanmu in dattijo ya faɗi hannunsa da ƙafarsa suka saki sai a ce iska ce ta buge shi, ko a kama hannun ana ta murzawa da man zafi wai jijiya ce ta kwanta. Wallahi hannun nan lafiyarsa lau, matsalar tana can cikin ƙwaƙwalwa.

Ita ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, dama da hagu, kuma jijiyoyin da ke kai umarnin motsi suna tsallakawa ɗaya gefen a ƙasan ƙwaƙwalwa wajen ƙeya kafin su gangara cikin laka, shi ya sa ɓarin hagu ne ke juya hannun dama da ƙafar dama. To in jini ya daskare ya toshe hanya a ɓarin hagu, ko hawan jini ya fasa jijiya, gefen dama ne zai mutu, kuma sau da yawa magana ma ta tafi don a yawancin mutane cibiyar magana a hagun take. Za ka ga baki ya karkace, miyau na zuba, yana son kiran sunan ɗansa amma ya kasa.

Ƙwaƙwalwa ba ta kai kilo 2 ba amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jiki ke amfani da ita, mintuna kaɗan ba jini ƙwayoyinta sun fara mutuwa. Don Allah kar a tsaya ɗura masa ruwa ko rubutu, zai iya shaƙewa, a yi addu'ar a mota ana hanyar asibiti, don allurar narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta.