Masu cewa "kai ne ba ka iya ba" sun ishe ni

Don Allah a bar mutum ya yi ƙorafinsa. Da zarar ka ce wasan bidiyon farautar dodanni, Monster Hunter Freedom Unite, yana da wahala, sai wani ya yi tsalle ya ce ai hannunka ne bai faɗa ba. Malam, wane hannu?

Wasan nan kamfanin Capcom ne ya yi shi don PSP, ƙaramar na'urar wasa ta hannu, ya isa Amurka da Turai a 2009. Na'urar kuwa sandar motsi ɗaya tak gare ta, maɓallan juya kyamara kuma suna samanta, duk a ɓangaren hagu. Sai ka ɗora babban yatsa a kan sanda, ka lanƙwasa manuni a kan maɓallan kamar ƙaguwa, har yatsa ya sage. Wannan ma wai gwaninta ce. Masu bugawa a waya da PPSSPP, manhajar da ke kwaikwayon PSP, kuwa, Allah dai ya ba su haƙuri.

Bari ma batun Plesioth, wani dodon kifi a wasan. Kifin nan zai kai duka da kwankwaso, kana tsaye can gefe, ko iskarsa ba ta taɓa ka ba, amma ka ga jininka ya zube. Ka sha magani, gwarzon naka ya tsaya yana ɗaga damtse, wani dodon mai suna Tigrex kuwa ya taho a guje. Ka suma sau uku shi ke nan, farautar da aka ba minti 50 ta tashi a banza.

Ina son wasan, shi ya sa abin yake ci mini rai. Amma masu kare dukan Plesioth ɗin nan, ku ji tsoron Allah.