Tsakanin kwamitin ladabtarwa da kotu, wa zai saurari ɗalibi?

'Yan uwanmu da ke karatu ko koyarwa a nan Ingila sukan ce jami'o'in Najeriya ba su san haƙƙin ɗalibi ba, doka ma babu. Ni ban yarda da rabin maganar ba. Doka akwai, kuma mai ƙarfi ce.

A watan Fabrairu na 1983 aka yi tarzoma a Jami'ar Maiduguri, aka ƙona dukiya, aka fasa gidaje. Jami'a ta kafa kwamitin bincike, ta kori ɗalibai da dama. Sai dai wanda ya shugabanci kwamitin shi ne mataimakin shugaban jami'ar, kuma gidansa na cikin waɗanda aka kai wa hari. Ɗaliban suka kai ƙara, magana ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli. A 1986, a shari'ar da lauyoyi ke kira Garba da Jami'ar Maiduguri, kotun ta soke korar. Ta ce wanda abu ya shafa ba zai zauna a kujerar alƙali ba, kuma laifi irin ƙone-ƙone da sata hurumin kotu ne, ba na kwamiti ba. Shekara guda kafin nan, a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas, kotun ta mayar da farfesoshin da aka sallama ba bisa ƙa'ida ba kan aikinsu. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 kuma yana nan daram: a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci.

Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Yaron da aka kama da zargin satar amsa a aji uku, mahaifinsa manomi a Bichi ko Azare, ina zai samu kuɗin lauya? In ma ya samu, kafin a gama ɗage zama, sa'o'insa sun gama bautar ƙasa. Malamai ma ba su tsira ba. Malamai 49 da Jami'ar Ilorin ta kora a 2001 saboda yajin aikin ASUU sai a 2009 Kotun Ƙoli ta ce a mayar da su. Shekara takwas. Waɗannan malaman jami'a ne, da ƙungiya a bayansu da manyan lauyoyi, wasunsu ma rai ya yi halinsa kafin hukuncin ya fito. To, ina ga ɗalibi?

Abin da na gani a nan, wanda nake fatan mu samu, shi ne matakalar da ke tsakanin kwamiti da kotu. A jami'ar da nake aiki, idan aka zargi ɗalibi, za a aika masa wasiƙa ɗauke da zargin a rubuce, da sashen dokar da ake cewa ya karya, da duk hujjar da za a kafa a kansa, kwanaki kafin ranar zama. Yana da damar zuwa da mai rakiya, kuma ƙungiyar ɗalibai tana da ma'aikata da ake biya albashi don wannan aikin kawai. Malamin da ya kawo ƙara shaida ne, ba ya cikin masu yanke hukunci. Hukunci yana fitowa a rubuce tare da dalilansa. Idan ɗalibi bai gamsu ba, ya ɗaukaka ƙara ga wasu mutane daban da ba su taɓa shiga maganar ba.

In duk wannan ya ƙare, jami'a za ta ba shi takardar shaidar cewa ta kammala nata. Da ita zai je wani ofishi mai zaman kansa da ake kira OIA, wanda aka ba ikon doka a ƙarƙashin dokar ilimi mai zurfi ta 2004, yana duba ƙorafin ɗaliban Ingila da Wales. Ɗalibin yana da wata goma sha biyu ya shigar da kukansa, ba ya biyan ko sisi, kuma ba sai da lauya ba. Ofishin kan ce a sake zama, ko a nemi gafararsa, ko a biya shi diyya. Ba ya shiga maganar maki, wato ba zai ce amsarka ta cancanci saba'in ba, amma zai duba ko an bi ƙa'ida, ko an yi adalci. Sanin cewa akwai wani a waje da zai karanta fayil ɗin shi ke sa kowane kwamiti taka-tsantsan tun daga zaman farko.

Nan ma akwai nasu matsalolin, kuma 'yan ƙasashenmu sun fi ɗanɗanawa. Ɗalibin da aka kora, jami'a za ta sanar da hukumar shige da fice, bizarsa ta shiga haɗari, wataƙila sai daga Kano zai ci gaba da bin kadin ƙararsa. Yanzu ga zargin amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen rubutu, wanda sau da yawa ke faɗawa kan wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne. Duk da haka ƙofar kuka a buɗe take.

Wani zai ce yawan ba wanda ake zargi kariya shi ke sa masu laifi su kuɓuta, musamman malaman da ke neman ɗalibai mata da maki. Wannan damuwa ce ta gaskiya, ni ma ina da 'ya'ya mata. Amma mu duba yadda manyan maganganun suka fito fili. Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo, sai da muryarsa ta yaɗu a intanet a 2018 kafin aka kore shi, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta gurfanar da shi, kotu ta ɗaure shi shekara biyu. A 2019 binciken ɓoye na BBC ne ya sa Jami'ar Legas ta dakatar da malamai. Me ya sa sai an naɗi murya, sai an saka kyamara a ɓoye? Domin yarinyar ta san ƙararta za ta faɗa hannun abokan aikin wanda take ƙara, a sashen da zai duba takardar jarrabawarta. Rashin mai sauraro a waje da ke cutar da ɗalibin da aka yi wa ƙage, shi ne dai ke rufe bakin ɗalibar da aka zalunta. Malamin kirki da aka yi wa sharri shi ma irin wannan ofishi zai wanke shi, maimakon a bar sunansa a bakin 'yan Facebook.

Ba sai mun jira Abuja ba. Kowace majalisar jami'a tana da ikon rubuta a littafin dokokinta cewa ba za a kira ɗalibi gaban kwamiti ba sai an ba shi zargi da hujja a rubuce, an bar shi ya zo da mai rakiya, an kuma ba shi dalilin hukunci a takarda. Wannan ba ya cin kuɗi. Ofishin waje kuwa, muna da Hukumar Karɓar Ƙorafin Jama'a tun 1975, da ofisoshi a jihohi. A ware mata sashe na manyan makarantu, a ɗora mata wa'adin watanni, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa (NUC) kuma ta sa bin shawarar wannan sashe cikin sharuɗɗan tantance kwasa-kwasai. Jami'ar da ke tsoron rasa izinin koyar da likitanci ko lauya ba za ta jefa irin wannan wasiƙa a durowa ba.