Ba kowace damuwa ake sha wa magani guda ba

Wanda ya rasa mahaifiya, mu ce masa sai haƙuri. Yaron da ya faɗi jarrabawar BAC, sai haƙuri. Magidancin da mai gida ya ba wata guda ya kwashe kayansa, shi ma sai haƙuri. Na farkon kam haƙurin ne maganinsa, amma na ukun ɗaki yake nema, a taya shi cigiya.

Tun 1984 masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Richard Lazarus da Susan Folkman, suka nuna cewa hanya biyu mutum ke bi in abu ya dame shi: ko ya tunkari matsalar kanta, ko ya lallashi zuciyarsa. Kowace da wurinta, gwargwadon ko abin yana hannunka ko ya fi ƙarfinka.

Mun gani da idonmu nan Yamai a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta saboda takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Ba telan da ya isa ya maido da wutar nan. Wani tela a unguwarmu ya jawo tsohon keken ƙafa daga bayan shago, ya kakkaɓe ƙura, ya zuba mai, ya ci gaba da ɗinki. Maƙwabcinsa kuwa kullum yana fada, shayi na farko har na uku, yana lissafin laifin shugabanni, kayan mutane na jibge. Gaskiya yake faɗa wani lokacin, to amma gaskiyar ba ta ɗinka ko riga ɗaya ba.

Mu maza kuma namu kuskuren ta wancan gefen yake. An yi rasuwa, sai ka ga mutum ya hana kansa zama: shi ne hayar kujeru, shi ne sayen shinkafa, shi ne tarbar baƙi, wai namiji ba ya kuka. Bayan sadakar arba'in barci ya ƙaurace masa, a je likita a ce hawan jini. Wannan ba aiki yake buƙata ba, ɗan'uwa yake so da zai zauna kusa da shi ya saurara.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi matasan da suka zaɓi hanya ta uku, su haɗiyi tramol su manta. Gari na wayewa bashin yana nan, ga kuɗin ƙwaya ya hau kansa.