Kafin a ce aljanu ne, a duba bakinsa

A layinmu a Aboabo, nan Kumasi, akwai yaro ɗan shekara tara da ba ya magana. Idan abin ya motsa, sai ya dunƙule hannu ya yi ta naushin kuncinsa har ya kumbura. Wasu suka ce ɗan ruwa ne, wasu suka ce uwar ce ta sangarta shi. An sha rubutu, an yi hayaƙi, wani kawunsa ma ya ce bulala ce maganinsa. Da aka kai shi asibiti, ruɓaɓɓen haƙori aka tarar. Aka cire, naushin ya ragu sosai.

Likitoci sun daɗe da lura cewa larurorin da ke fitowa daga tangarɗar ƙwayoyin halitta, kowace da halin da take jawowa. Mai larurar Lesch-Nyhan, wadda aka fara bayyanawa a 1964, yana cizon leɓensa da yatsunsa ba da son ransa ba. Mai larurar Prader-Willi, da matsalarsa ke kan kuromosom na 15 (ɗaya daga cikin zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin halitta), ba ya jin ƙoshi ko ya cinye tukunya. A gidan mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, sunansa ɓarawo ke nan. A Smith-Magenis kuwa sinadarin barci, melatonin, juyewa yake yi: yaro ya yi gyangyaɗi da rana, ya kwana ido biyu, gida duka ya kwana tare da shi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne binciken da aka yi kan yara masu larurar Cornelia de Lange. An gano cewa sau da yawa cutar da kai da waɗannan yara ke yi tana da alaƙa da zafin ƙwannafi. Wanda ba shi da bakin cewa "ƙirjina na ci da wuta", da hannu zai faɗa.

Za a ce gwajin ƙwayoyin halitta sai mai kuɗi. Gaskiya ne, kuma dokar masu naƙasa ta Ghana ta 2006 ba ta sauƙaƙa shi ba. Amma duba haƙori da kunne da ciki ba sai an je Ingila ba. Ni ban hana addu'a ba, ni ma ina yi. Roƙona ga iyaye shi ne su riƙe ɗan littafi, su rubuta lokacin da abin ya tashi, me yaron ya ci, yaya ya kwana, me ya faru kafin nan. Ranar asibiti a miƙa wa likita, a nace ya buɗe bakin yaron ya leƙa.